Fiffiken Hagu

Ana yayyafi a Katako, unguwar kafintoci, ranar da Obum ya fara ganin Klaudiya, irin yayyafin Jos da mutum zai raina har sai ya ji sanyi a ƙashinsa.

Ya faka babur a bakin shagon Baba Badung kafinta, ya ciro wani ƙaramin ƙunshi daga akwatin bayansa. Aikinsa ke nan, kai saƙo. Takardu, magani, shawarma, wani lokaci har kek ɗin biki da ke isa a karkace.

"Klaudiya Badung?"

"Ajiye a nan," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Bai ajiye ba. Ya tsaya kallon abin da ke kan bencinta, wani dogon abu na katako mai tsinin baki, sumul kamar an lashe shi.

"Kifi ne?"

"Kifi ne. Tarwaɗa."

"Tarwaɗa mai inji biyu," ya ce, yana nuna zanen da ke manne a jikin allonta. "Kuma waɗannan tayoyin da na kawo nata ne."

Sai a lokacin ta ɗago. Akwai dusar katako a girarta, da fensir a bayan kunne.

"Ka buɗe min kaya?"

"Ban buɗe ba. Na girgiza. Da muna yara a Nasarawa Gwom ni ke yi wa layinmu motar gwangwani. Na san ƙarar taya."

Klaudiya ba ta cika yi wa mutane bayani ba. Amma ta yi masa. Jirgin sama ne na tsere, na Turawa, tun kafin yaƙin duniya na biyu, ja, mai inji biyu. Da ya gama tsere aka sa irinsa kai wasiƙu. Abin da ya kama ta kuwa, kusan dukansa da katako aka yi. Ita tana yin ƙaraminsa ne da guntayen katakon obece da ake zubarwa a shago, inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya.

Obum ya cire hular kwano.

"Ya yi gudu, ya kai saƙo. Ashe yayana ne."

"Sa hannu ka tafi, Masinja."

"Ke ce za ki sa hannu, Oga Kafinta."

Ta sa. Ya tafi. Lambarta dama tana jikin ƙunshin.

Klaudiya ta gama sakandare shekara shida da suka wuce. Jami'a ta ce ta jira, ta jira sau biyu, ta gaji. Zarto ta koya wurin babanta, sauran ta koya a waya. Kujeru da kabad take yi da rana, jirgi kuma a awa ɗayan nan kafin a rufe shago. Mutanen Katako sun daina mamakinta, sai dai baƙi.

Washegari saƙo ya shigo.

"Ina kwana Oga Kafinta. Ya jikin tarwaɗa?"

Ta bar shi har azahar kafin ta amsa.

"Da sauƙi. An sa mata taya."

"Zan iya zuwa dubiya?"

"Ba a zuwa dubiya hannu rabbana."

Ya zo da gasasshiyar masara biyu da atili. Ya zauna a kan tulin katako, ta ba shi sanfefa don kada ya zauna a banza. Daga ranar, duk saƙon da zai kai, ko Bukuru ne, sai hanyarsa ta bi ta Katako. Wanda ya san Jos ya san wannan ba hanya ba ce.

Wata uku ana haka. Ya koyi riƙe reza ba tare da ya yanke ba. Ta koyi jin ƙarar babur ɗinsa a cikin ƙarar injinan yanka katako goma, ko da yake da za a tsare ta da bindiga ba za ta amsa ba.

Wata ranar Asabar ya turo:

"Klo, yau na kai saƙo goma sha ɗaya. Akwai guda ɗaya da nake ta yawo da shi wata uku ban kai ba."

"Mai shi zai kai ƙararka."

"Naki ne. Ina son ki. Ba na wasa ba, na a je a ga Baba."

Ta karanta sau huɗu. Ta shafa gam a inda ba a shafa gam. Sannan ta rubuta:

"An karɓa. Bai fashe a hanya ba. Ni ma haka, Masinjana."

To, sai dai akwai Injiniya Fredrick.

Cocinsu ɗaya da su Klaudiya. Yana aiki a wani ofis da ke zana gidaje. Yana da farar hular kwano ta injiniyoyi a bayan gilashin motarsa, kuma tun da aka ƙera hular ba ta taɓa sanin siminti ba. In ya zo gaishe da Mama Magadaliya, mahaifiyar Klaudiya, a gidansu da ke unguwar Congo-Russia, makullin mota ne ke fara zama a kan tebur, sannan shi. Ba ya fara magana sai da "akcuwali".

"Akcuwali, wannan hobi ɗin naki yana da kyau," ya ce wa Klaudiya. "In mun yi aure zan saya miki na roba, wanda ake haɗawa kawai."

"Na gode. In mun yi aure ni ma zan saya maka siminti, ka shafa wa hularka."

Ya yi dariya. Ya ɗauka yabo ne.

Mama tana son Injiniya. Baba Badung bai ce yana son kowa ba. Da Klaudiya ta kawo masa maganar Obum, yana cikin daidaita ƙafar wani tebur, bai daina ba.

"Ba don Ibo ne ba," ya ce. "Rabin ƙusoshin shagon nan a wurinsu nake saye, ba su taɓa cutata ba. Abin da nake gani, yaron nan kullum a guje yake. Hannunsa bai san komai ba sai totur da burki. Aure kuwa zama ne. Mai sauri ba ya zama."

"Baba, wata uku yana zama a kan katakon can."

"Yana zama ne don ke kina wurin."

Ta koma bencinta.

Baba ya sa aka kira Obum. Ya zo da riga mai guga, ya durƙusa a cikin dusa.

"Jirgin nan saura fiffike ɗaya," in ji Baba. "Ita ta yi na dama. Kai za ka yi na hagu. A ɗakinka, kai kaɗai, ba za ta zo ba, ba za ka zo ba. Sati shida. In ya zauna daidai da nata, ka turo manyanka. In bai zauna ba, ka ci gaba da kai saƙonka, amma ban da layin nan."

"Na ji, Baba."

"Ka ji, ko ka yarda?"

"Duka biyun."

Saura zane. Na Klaudiya yana manne a jikin allonta, gam ya riga ya cinye shi. Akwai hoton zanen a wayarta, amma shagon da ya buga mata a babbar takarda injinsu ya lalace. Nan Injiniya ya sa baki. Ofishinsu akwai babban inji, akcuwali abu ne na minti biyu. Shi a tunaninsa ko an ba ɗan babur zanen da mala'iku suka yi ba zai iya ba, don haka taimakon bai cutar da shi da komai ba.

Ya kawo zanen a nannaɗe cikin kwali, har da ribon. Klaudiya ta leƙa, ta ga fiffiken hagu ne, ta mayar. Ta haɗa da guntayen obece da reza, ta miƙa wa Obum a gaban Baba.

"Bi layi," ta ce. "Kada ka yi wayo."

"In na yi kewarki fa?"

"Ka yi sanfefa."

Fiffike ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai haƙarƙari, ƙananan katakai sirara da ake jerawa daga gindi zuwa tsini, kowanne ya fi na gabansa ƙanƙanta da ɗan kaɗan. Sai a rufe su da fallen katako mai kaurin farce. In ka yi numfashi da ƙarfi, ɗaya ya karye.

Sati na farko:

"Klo, na karya bakwai."

"Ni goma sha biyu na karya. Ci gaba."

Sati na biyu:

"Mamana ta ce ko aljani ya shige ni. Ta kawo min ruwan albarka ta yayyafa wa fiffiken."

"Ka shanya shi a inuwa, kada ya lanƙwashe. Ka gaishe ta."

A sati na huɗu saƙonni suka ragu. Ran Lahadi bayan sujada, Injiniya ya tare ta a bakin coci da fuskar jimami.

"Ba na son gulma, akcuwali. Amma mutumin naki kullum yana shagon Nkem mai gyaran farce. Sau uku na ga babur ɗinsa."

"Ƙila farcensa yake gyarawa."

Haka ta ce masa. Amma ranar ba ta ci gwaten da Mama ta dafa ba. Kwana biyu tana rubuta saƙo tana gogewa. A na uku ta tura.

"Na ji Nkem ta iya aiki."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar. Hoto ne. Tulin abin goge farce, irin na mata, sun fi talatin, duk sun cinye. Kusa da su haƙarƙarin fiffike a jere kamar 'yan makaranta.

"Sanfefa ya yi wa ƙananan girma. Wannan ne ke shiga lungu. Nkem tana tara min waɗanda ta gama da su. Mijinta ya ce in na sake zuwa zai sa ni in yi wa kwastoma. Ban rubuto ba don yatsuna duk filasta ne. Kishi kike yi, Kafintata?"

"A'a. Haushi nake ji ban riga ka gano dabarar ba."

Bayan minti ɗaya ta ƙara:

"Kaɗan."

Ranar da sati shida ya cika, da rana tsaka, shagon Baba ya cika da mutanen da babu wanda ya gayyata. Mama ta zo. Injiniya ya zo, ya ajiye makulli a kan benci. Obum ya iso a hankali, a karon farko a rayuwarsa keke mai kaya yana wuce shi, fiffiken yana naɗe cikin zanen mamarsa.

Da ya buɗe, kowa ya matso. Sumul yake. Baba ya bi bayansa da babban yatsa tun daga gindi har tsini, bai ji tudu ba.

Klaudiya ta ɗauka ta kai jikin jirgin. Ta zura.

Bai cika gurbin ba. Akwai rata gaba da baya. Ta cire, ta ɗora shi a kan nata, ciki da ciki. Na Obum ya gaza da inci ɗaya da ɗan ɗoriya.

Mama ta ce, "Yesu."

Injiniya ya gyara murya. Akcuwali, abin da ake kira simetiri ke nan. In jirgi na gaske ne, da ya tashi zai yi ta zagaye wuri ɗaya. Shi ya sa ake zuwa makaranta. Ya yi bayanin iska, ya yi bayanin nauyi, har da zana wani abu a iska da makulli.

Baba ya dubi Obum.

"Me za ka ce?"

"Ni na yi shi, Baba. In ya gaza, nawa ne."

Ya fara naɗe zanen mamarsa. Bai dubi Klaudiya ba, don ya san in ya dube ta ba zai iya fita ba.

Ita kuwa ba shi take kallo ba. Fiffiken take juyawa. Ta gwada gindi da gindi, ya gaza kaɗan. Ta gwada tsakiya, ya gaza kaɗan. Kauri ma haka.

"Baba," ta ce, "mai ganganci wuri ɗaya yake ɓatawa, ko biyu. Wannan ko'ina ya ragu, kuma daidai wa daida. Masinja, ina takardar?"

Ya ciro ta daga cikin riga, ta yi laushi don shan hannu. Ta shimfiɗa a benci, ta ɗora fiffiken a kai. Ya zauna a kan layi kamar a nan aka haife shi, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

A gefen irin wannan zanen akwai ɗan layi da ake rubuta tsawonsa, don mai aiki ya tabbatar takarda ba ta yi ƙarya ba. An rubuta inci shida. Ta ɗora rular Baba ta ƙarfe. Bai kai ba.

Sai ta ga ƙasan takardar, inda ba ta buɗe ba ranar da aka kawo. An ja wani akwati mai kyau, mai layi biyu. A ciki, da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa Injiniya Fredrick ne ya duba ya amince.

"Injiniya, wannan akwatin babu shi a wayata."

"E, to, haka ake yi a ofis. Zane ba ya fita ba suna."

"A ina ka samo masa wuri?"

"Na ɗan matse zanen. Kaɗan ne, akcuwali. Ido ba zai gani ba."

"Ido bai gani ba," ta ce. "Katako ya gani."

Wani kafinta a bakin ƙofa ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Injiniya ya tuna yana da mitin. Ya fita, ya dawo ya ɗauki makulli, ya sake fita.

Baba bai yi dariya ba. Ya juya wurin Obum.

"Kai kuma. Sati shida kana kallon layin nan. Ba ka taɓa ɗora tef a kai ba?"

Obum ya sunkuyar da kai.

"Na ɗora, Baba. Ranar farko."

"Sai me?"

"Na ga bai kai ba. Na ce tef ɗina ne, na kasuwa ne mai araha. Na jefar, na sayo wani."

"Shi kuma?"

"Shi ma bai kai ba. Na ce ai kamfaninsu ɗaya."

"Tef biyu suka gaya maka gaskiya, ka ƙaryata su."

"Daga hannunta takardar ta fito, Baba. Ta ce in bi layi."

Klaudiya ta juya ta fuskanci bango, wai tana neman fensir. Fensirin yana bayan kunnenta.

Baba Badung ya ɗauki fiffiken. Ya ɗaga shi ya duba ta hasken ƙofa, inda haƙarƙarin ke bayyana ta cikin fallen katako, a jere, babu wanda ya kauce.

"A Katako," ya ce, "in oga ya ba da awon da ba daidai ba, ba yaro ke ɗaukar asarar katako ba. Shagon da ya ba da awo ne. Takardar nan daga shagona ta fita, a gabana, 'yata ba ta ɗora rula ba, ni ma ban ɗora ba. Laifin namu ne."

"Nawa ne, Baba," in ji Klaudiya, har yanzu tana kallon bango.

"Na sani. Ina rufa miki asiri ne."

Ya ɗauko wani siririn katako, ya ɗora a kan fiffiken dama, ya yi masa tsaga a gindi, ya yi a tsini, ya yi a wurin kowane haƙarƙari. Haka tsofaffin kafintoci ke yi in mutum biyu za su yi aiki ɗaya. Ba a ba kowa tef ɗinsa. Sanda ɗaya ake yankawa, kowa ya auna da ita.

Ya miƙa wa Obum.

"Za ka sake. A nan, a bencin can, da wannan sandar. Na ce ba ka iya zama ba, na ga ka iya. Abin da ya rage ka koya, in ka ga abu bai kai ba, ka buɗe baki ka faɗa, ko da daga hannunta ya fito. Musamman in daga hannunta ya fito."

"Na ji, Baba. Na kuma yarda."

"Ka gaya wa babanka Ambrose ina gida ran Asabar ta sama."

Mama Magadaliya, wadda da safe take ɓangaren Injiniya, ta kama yatsun Obum tana duba filasta.

"Ɗana, ka ci abinci kuwa?"

Fiffike na biyu sati huɗu ya ɗauka. Da ya fi haka sauri, amma akwai yawan magana a bencin. Ranar da aka zura shi ya shige da ɗan ƙara, ƙyas, ba rata. Suka yi masa jan fenti, suka ɗaura farfela biyu da Klaudiya ta sassaƙa.

Aka ɗaura aure a watan Nuwamba. Dangin Obum suka zo daga gabas da mota biyu, aka dafa acca aka dafa shinkafa, aka yi rawar kowane ɓangare har ƙafa ta gaji. Jirgin yana kan babban tebur kusa da kek, kuma ya fi kek shan hoto. Injiniya ya zo da kyautar agogon bango. An ji shi yana gaya wa wasu baƙi cewa akcuwali shi ya duba zanen. Babu wanda ya ƙaryata shi, tun da gaskiya ne.

Da aka zo sa albarka, Baba Badung bai yi dogon jawabi ba. Ya ciro sandar awon nan daga cikin babbar rigarsa, ya haɗa hannunsu biyu a kanta.

"Ga ta nan. Ɗaya ce, kada ku yanka ta biyu. Allah ya ba ku zama, ya ba ku 'ya'ya masu hannu, ya sa gidanku ya tsaya daidai."

Taro ya ce amin.

Yanzu jirgin yana rataye a falonsu a Nasarawa Gwom, yana ɗan juyawa in an buɗe taga. Gajeren fiffiken kuwa Obum ya so ya jefar, Klaudiya ta hana. Ta yi masa firam da hannunta, ta kafa a saman gadonsu.

"Me za ki yi da abin da bai kai ba?" ya tambaye ta.

Ta cire fensir daga bayan kunne, ta duba ko firam ɗin ya miƙe.

"Wancan na falo na baƙi ne," ta ce. "Wannan nawa ne."

Allah ya bar su tare, ya kai mu bikin masu jira.